Zare: yadda kontak lens ya tashi daga gilashi mai sa hawaye ya koma abin sawa a jefar

1/ Masu sa kontak lens, da masu so amma idonsu ya ƙi karɓa, ku matso. Tambayar da na fi gani ita ce "wanne ne ba ya damun ido, kuma mai araha?" An haura shekara 130 ana neman amsarta. Bari na ba ku tarihin, don a cikinsa amsar take. 🧵

2/ Ku fara riƙe wannan. Fatar nan garai-garai da ta rufe baƙin ido, likitoci na ce mata koniya. Ba ta da jijiyar jini ko ɗaya. Yawancin oksijin ɗinta daga iska take samu, ta cikin hawayen da ke kwance a kanta. Duk abin da ka ɗora mata, ka rage mata numfashi kenan.

3/ A 1888 wani likitan ido Bajamushe da ke aiki a Zurik ta ƙasar Suwizalan, Adolf Fick, ya wallafa bayanin lens ɗin da ya ƙera. Gilashi ne zalla, mai faɗi har kan farin ido. A idon zomaye ya fara gwadawa, sannan nasa. Sa'o'i kaɗan ake iya jure shi.

4/ A 1889 wani ɗalibin likita a garin Kiel na Jamus, August Müller, wanda ba ya hangen nesa ko kaɗan, ya sa aka yi masa nasa. Ya gani tar, amma sai ya ɗiga hodar iblis da aka narkar don ta kashe zafi. A wancan zamanin da ita likitoci ke sandarar da ido.

5/ Daga shekarun 1930 roba mai tauri, PMMA, ta fara maye gurbin gilashi. A 1948 Kevin Tuohy na Amurka ya nemi rajistar ƙaramin lens da ke zama kan baƙin ido kaɗai. Nauyi ya ragu, amma oksijin ba ya ratsa PMMA. Sai an yi makonni ido bai saba ba, wasu kuma har abada.

6/ Wanda ya kawo laushin ba likitan ido ba ne ma. Masanin sinadarai ne ɗan ƙasar Chekoslobakiya, Otto Wichterle, haifaffen 1913. Da 'yan Nazi suka rufe jami'o'in ƙasar a 1939, sashen bincike na kamfanin takalma na Bata ya koma. E, Batan nan da 'yan Kano suka sani.

7/ Bayan yaƙi yana koyarwa a birnin Prag. Shi da abokin aikinsa Drahoslav Lím suka haɗa wata roba mai shan ruwa, HEMA. In ta bushe tauri gare ta, in ta jiƙa sai ta yi laushi, kusan kashi 40 cikin 100 nata ruwa ne. Ta cikin ruwan nan oksijin ke bi ya isa ido.

8/ A 1958 gwamnatin 'yan gurguzu ta yi shara a makarantar da yake aiki, aka kore shi saboda siyasa. Ya samu mafaka a Cibiyar Kimiyya ta ƙasar. A 1960 shi da Lím suka wallafa bincikensu a mujallar Nature.

9/ Roba ta samu, saura yadda za a ƙera ta. In aka zuba ta a rufaffen mazubi, gefen lens ɗin sai ya fito a yayyage, yana kartar ido. Hukuma ta ga kamar ɓarnar kuɗi ce, ta janye tallafi. Mutumin nan bai haƙura ba, ya kwashe aikin ya koma gida.

10/ Dabararsa kun san ta a kofin shayi. In ka juya da cokali, tsakiya na lotsawa, gefe na hawa. To in mazubin a buɗe yake kuma yana juyawa, robar za ta baje da kanta ta yi siffar ƙoƙo, gefenta siriri sumul, ta daskare a haka.

11/ Lokacin Kirsimetin 1961 ya harhaɗa injin a gidansa. Da me? Kayan wasan gini na ƙarfe na yara mai suna Merkur, da dainamon keken ɗansa, da taransifomar ƙararrawa. Lens huɗu suka fito. A idonsa ya fara gwadawa.

12/ Daga baya ya sa motar garmaho don injin ya ƙara ƙarfi. Shi da matarsa Linda suka ƙera dubbai cikin watannin farko na 1962. Nan ne asalin arahar: lens ɗin da, ɗaya-ɗaya ake sassaƙa shi a goge. Wannan kuwa inji ke zubo shi, kowane irin ɗan'uwansa.

13/ A 1965 wani kamfanin Amurka, National Patent Development Corporation, ya sayi izinin fasahar, ya ba Bausch & Lomb lasisi. A 1971 hukumar FDA ta amince, Soflens ya shiga kasuwa. Kamfanoni sun yi kuɗi sosai. Haƙƙin mallakar kuwa na hukuma ne, Wichterle bai yi arziki da shi ba.

14/ A 1968 ya sa hannu a takardar neman sauyi da ake kira Kalmomi Dubu Biyu. Bayan tankokin Tarayyar Sobiyet sun shigo, aka tuɓe shi daga shugabancin cibiyar da ya kafa. Sai 1990, bayan faɗuwar gurguzu, aka ba shi shugabancin Cibiyar Kimiyya ta ƙasa. Ya rasu a 1998.

15/ Laushi ya zo da tasa matsalar. Lens mai shan ruwa yana shan datti ma. A da, guda biyu mutum zai yi shekara da su. Furotin na hawaye ya taru a kai, cikin fatar ido ta sama ya yi ƙuraje, ga ƙaiƙayi ga kwantsa. A 1977 likitoci suka bayyana wannan a matsayin cuta mai zaman kanta.

16/ Sai ruwan wankin. An daɗe ana sa masa wani sinadari mai hana ruɓa, thimerosal, wanda ya riƙa jawo wa mutane da yawa ja da ƙaiƙayi, har aka daina. Kun ga kenan wani da ke cewa idonsa "ba ya son lens", ruwan ne bai karɓe shi ba. Har yau ana samun haka da wasu ruwayen.

17/ Maganin datti ya fito daga wajen masu inji: a sa lens ya yi arahar da za a iya jefarwa. A 1987 Johnson & Johnson ta fito da Acuvue. A tsakiyar shekarun 1990 na kwana ɗaya ya iso: ka ɓare da safe, ka jefar da dare. Ba wanki, ba akwatin ajiya.

18/ Ƙarshen shekarun 1990 aka gauraya robar da silikon. Shi wannan oksijin na ratsa shi ninki-ninki fiye da HEMA. Amma fa na farkonsu sun ɗan fi tauri, kuma suna kama maiƙo. Shi ya sa har gobe akwai idon da ya fi jin daɗin tsohon samfuri. Babu lens ɗaya da ya dace da kowa.

19/ Abin da ni na ɗauka daga tarihin nan: duk lokacin da lens ya ƙara daɗin sawa, ɗaya cikin uku ne ya faru. Ido ya ƙara samun iska, ko gefe da girman lens sun ƙara dacewa, ko an rage kwanakin da yake yi kafin a jefar. Da waɗannan ukun za ka auna duk wanda aka tallata maka.

20/ Lissafin kuɗi kuma: mai sawa kullum, na wata-wata ya fi masa sauƙi a shekara. Mai sawa jefi-jefi, ranar biki ko ƙwallo, na kwana ɗaya ya fi, don ba sayen ruwan wanki. Arahar da ke cin ido ita ce a ja na wata ɗaya ya yi wata uku.

21/ 'Yan'uwana mata, musamman amare, lens mai launi da ake saye wajen masu kayan kwalliya ko a Instagram: shi ma kan koniya yake zama. A Amurka tun 2005 doka ta sa shi cikin kayan asibiti, sai da takardar likita. Ido na da awo kamar ƙafa. Don Allah kada a ari na ƙawa.

22/ Ruwan famfo, na rijiya, na leda, kada ya taɓa lens. Akwai wata ƙwayar cuta, Acanthamoeba, da ke rayuwa a ruwa. In ta kama koniya maganinta na ɗaukar watanni, wani lokaci gani ba ya dawowa. A cire kafin wanka, kuma kada a kwana da shi sai likita ne ya ce.

23/ Lokacin hunturu iska ta bushe, ga ƙura, hawaye na saurin ƙafewa. Mai idon da ba ya son wargi ya rage sa'o'in sawa, ya riƙe tabarau a jaka. Kafin canza samfuri a je a auna ido, a nemi na gwaji, a yi kwanaki da shi kafin a sayi kwali.

24/ In ido ya yi ja, yana zafi, haske na damunsa, ko gani ya dushe, a cire lens nan take, a ga likitan ido a ranar. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai asibitin ido na ECWA a Kano. A tafi da lens ɗin da akwatinsa, za su iya buƙatar gwada su. Allah ya ƙara mana lafiya.