Raunin ƙwaƙwalwa: abin da ya kamata al'ummar Kudancin Kaduna su sani

A garin Kafanchan da ƙauyukan da ke kewaye da shi, babur shi ne abin hawan talaka. Shi ke kai citta kasuwa, shi ke ɗaukar mai naƙuda zuwa asibiti. Sai dai idan aka yi hatsari a hanyar Kagoro ko ta Kwoi, kan mahayi na cikin sassan da suka fi shan wuya, musamman idan babu hular kwano.

Raunin ƙwaƙwalwa yana faruwa ne idan kai ya bugu da ƙarfi, ko wani abu ya huda ƙoƙon kai. Ban da hatsarin hanya, faɗowa daga bishiya ko gini, duka, sara da harbin bindiga duk suna haddasa shi.

Likitoci sun raba illar gida biyu. Akwai wadda ke aukuwa nan take, akwai kuma wadda ke biyo baya cikin sa'o'i ko kwanaki. Ƙoƙon kai ba ya buɗewa, saboda haka idan jini ya taru ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, sai ta matse, jini da iska su daina isa gare ta. Wannan illa ta biyu ita ce ake iya tarewa idan aka yi hanzari.

Babban hatsarin shi ne mutum yana iya suma, ya farfaɗo, ya kakkaɓe jikinsa ya tafi gida, alhali jini na tsiyaya a cikin kansa. Alamomin da ke buƙatar asibiti ba tare da jinkiri ba sun haɗa da ciwon kai mai ƙaruwa, yawan amai, barci mai nauyi, ruɗewa, farfaɗiya, sanyin hannu ko ƙafa, da fitar jini ko ruwa daga kunne ko hanci.

Masu agaji su kira 122, lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, ko 112. Kada a jijjiga wanda ya ji rauni, kada a lanƙwasa wuyansa, kada a ɗura masa ruwa yana sume. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar kulawar gaggawa.

A asibiti, ana auna tsananin raunin da ma'aunin Glasgow, wanda likitoci biyu, Graham Teasdale da Bryan Jennett, suka fito da shi a 1974. Ana duba buɗe ido, magana da motsi, a ba da maki daga 3 zuwa 15. Maki 13 zuwa 15 rauni ne mai sauƙi, 9 zuwa 12 matsakaici, 8 zuwa ƙasa kuwa mai tsanani. Hoton CT shi ke nuna inda jini ya taru.

Mai rauni mai sauƙi yakan warke da hutu da sa ido. Mai tsanani yana buƙatar iskar oksijin, magungunan rage kumburi da hana farfaɗiya, wani lokaci kuma tiyata don kwashe jinin. Daga Kafanchan, irin wannan tiyata takan sa a tura majinyaci manyan asibitoci kamar na koyarwa na Jami'ar Jos, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Asibitin Ƙasa na Abuja. Nisan hanyar ya sa duk sa'ar da aka ɓata a gida tana da tsada.

Sallama daga asibiti ba ita ce ƙarshen jinya ba. Wasu kan yi fama da mantuwa, saurin fushi, sarƙewar harshe ko farfaɗiya har tsawon watanni. Iyalai kan ɗauka sammu ne ko shafar aljanu, alhali tabon raunin ne, kuma gashin ƙashi, koyon magana da haƙurin dangi suna taimakawa ƙwarai.

Rigakafi dai ya fi magani. Tun daga 1 ga Janairun 2009 aka fara tilasta sanya hular kwano a Najeriya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sanya ta yadda ya dace yana rage hatsarin raunin ƙwaƙwalwa har zuwa kashi 74 cikin 100. Sharaɗin shi ne hular ta kasance mai inganci, a ɗaure igiyarta, kuma fasinja ma ya sanya tasa.