Bakan Sarauniya: Wanda Muka Gani a Fim da Wanda ke Lugu

Yau hirarmu a kan bakan Sarauniya ce, wanda da yawanmu muka ƙera da hannunmu muna yara.

Kun tuna yadda muke yi? Da mun fito daga gidan bidiyo, ko in mushe ya ce za a yi wasan kwaikwayo a lakwal, sai kowa ya shiga daji. A yanko ɗanyen reshen geza a lanƙwasa, a ɗaura masa tsirkiya da igiyar rama. Kibiya sillen kara ne, ba a sa mata ƙarfe don kar a tsone wa wani ido. Garkuwa kwalin sabulu, layu kuwa tsumma ne a naɗe da zare. Waɗanda aka ba matsayin sojan Nasara su samo jar hula, su saɓa bindigar karan dawa. Yarinyar da ta fi kowa murya ita ce Sarauniya.

To, daga ina muka samo wannan siffa? Yaƙin dai gaskiya ne. A watan Afrilun 1899 ayarin sojan Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ya afka wa Lugu, a ƙasar Dogon Dutsi, inda Sarauniya Mangu take. Maharban Azna suka tare su da kibau, daga baya suka janye cikin kurmi. Ayarin ya wuce ya yi mummunan kisa a Birnin Ƙonni. A watan Yuli na shekarar, bayan Voulet ya sa an harbe Kanal Klobb, sojojinsu suka juya suka kashe shi da Chanoine a yankin Maijirgi.

Amma Sarauniyar da muke kwaikwayo ta biyo wata hanya ce daban kafin ta iso gare mu. A 1980 Abdoulaye Mamani ya wallafa littafinsa, Sarraounia, da Faransanci, ya zana ta jarumar fagen fama. A 1986 Med Hondo, ɗan asalin Muritaniya, ya mai da littafin fim. A Burkina Faso aka ɗauke shi zamanin Thomas Sankara, Aï Keïta ta fito a Sarauniya, kuma a 1987 ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu. Ke nan kayan da muka gani a jikinta, masu shirya fim ne suka tsara su a wata ƙasa, mu kuma muka kwafa da kwali.

In ka zauna da dattawan Lugu, wani labarin za ka ji. Sarauniya a wurinsu mai riƙon al'adar ƙasa ce, ƙarfinta na asiri ne da tsarin gari, kuma sarautar ba ta ƙare da Mangu ba. Nan ne kuma dutsen Tunguma yake, wanda ake kai wa shari'a.

Ba laifin fim muke gani ba. Shi ya kai sunan Lugu ƙasashen da ba su taɓa jin sa ba, shi ya sa ƴaƴanmu mata suke rububin riƙe baka. Abin tsoron shi ne yaro ya tashi bai san wata Sarauniya ba sai ta allo.

Saboda haka malamai da iyaye, in yara za su sake ƙera kayan wasan nan, a kai su wurin tsohon maharbi ya nuna musu yadda ake gyara kyauro da ɗinka kwari, maƙeri ya nuna musu siffar kan kibiya. Masu wannan sani suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Wanda kakansa ya bar masa baka ko labarin ranar Lugu, ya faɗa mana mu ƙaru. Allah ya jiƙan magabata.