Ɗantunku da Dabo: Wane Ne Jarumin?

A fim ɗin Captain America: Civil War na 2016, ƙasashen duniya sun kawo yarjejeniyar da za ta mayar da sadaukai masu ƙarfi na musamman ƙarƙashin ikon Majalisar Ɗinkin Duniya. Iron Man ya sa hannu, Captain America ya ƙi, sai abokan gwagwarmaya suka zare wa juna makami. Masu kallo suka rabu gida biyu a kan wanda ya cancanci sunan jarumi. Ƙasar Kazaure ta ga irin wannan rigima kusan shekara 200 kafin fim ɗin, kuma jinin da ya zuba a cikinta na gaske ne.

Ɗantunku Bafulatani ne daga zuriyar Yarimawa, mai ƙarfi a arewacin Kano, wajejen Dambatta. A jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya soma a 1804, ya taimaka wajen hana sarakunan Haɓe na Kano da Katsina da Daura haɗa ƙarfi, kuma Kazaure na lissafa shi cikin waɗanda suka karɓi tuta. Da Sarkin Kano Sulaimanu ya rasu a 1819, Ibrahim Dabo ya gaje shi, sai Ɗantunku ya ƙi yi masa mubaya'a. Aka shiga yaƙi na kimanin shekara biyar. Baturen Ingila Hugh Clapperton, da ya iso Kano a farkon 1824, ya tarar wutar ba ta mutu ba.

Kowane ɓangare yana da hujja. A idon Kano, Dabo ne gwarzo: ya hau gadon mulki garuruwa na ta bore, ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya sami laƙabin Cigari, ya kuma yi mulki har 1846. Ɗantunku a wannan ruwaya ɗan tawaye ne mai neman tsaga ƙasa. A idon Kazaure kuwa, mutum ne da ya sha wuyar jihadi tun farkonsa, ya ga babu dalilin da zai durƙusa wa tsaransa. Fim kan sauƙaƙa wa mai kallo hukunci da tufafi da kiɗa. Tarihi bai ɗinka wa ko ɗaya daga cikinsu rigar da za a gane shi da ita ba.

Abin da ya kashe wutar ya zo ne daga Sakkwato. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda shi kansa barde ne da ya jagoranci runduna tun yana matashi, ya shiga tsakani, ya amince Kazaure ta zama masarauta mai cin gashin kanta. Ɗantunku ya rasu a 1824, ɗansa Dambo ya gaje shi. Iyakar da aka shata ta daɗe: yau Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi ne ƙananan hukumomin masarautar, Babura kuwa ta zauna a ɓangaren Kano har aka ƙirƙiro jihar Jigawa da masarautar Ringim a 1991.

Da za a yi fim ɗin wannan labari, a kan dawakin Dabo da Ɗantunku kyamara za ta tsaya, sulhun Bello ya sami minti biyu a ƙarshe. Amma idan ana auna jarumta da rayukan da aka tserar, kamar yadda finafinan sadaukan suke da'awa, to ya kamata a tambayi manomin da yaƙi ya bi ta gonarsa damina biyar. Shi ya san ranar da ya koma shuka ba tare da duban hanya ba, ya kuma san wanda ya kawo masa ita.