Tarihin Aikin Binciken Kufai a Gandayen Dajin Gwamnatin Amurka

Aikin ƙananan ma'aikatan binciken kufai a gandayen dajin gwamnatin Amurka, wato waɗanda ke taka daji da ƙafa suna neman alamun zaman mutanen da suka shuɗe, doka ce ta haife shi, ita kuwa dokar ɓarna ce ta jawo ta. A ƙarshen ƙarni na 19 mahaƙa sun far wa tsofaffin gidajen kakannin al'ummar Pueblo da ke cikin kogunan duwatsu a kudu maso yammacin ƙasar, suna kwashe tukwane da ƙasusuwan matattu suna sayarwa, har a 1891 wani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Gustaf Nordenskiöld ya yi awon gaba da kaya masu yawa daga Mesa Verde, waɗanda suka ƙare a gidan tarihi na Helsinki, domin ba a sami dokar da za ta hana shi ba. A 1905 aka kafa Hukumar Gandun Daji ƙarƙashin Gifford Pinchot, a 1906 kuma Shugaba Theodore Roosevelt ya sa hannu a Dokar Kayan Tarihi wadda ta haramta haƙa a filin gwamnati sai da izini. Amma shekaru sittin da suka biyo baya hankalin hukumar yana kan katako da kiwo da kashe gobara, kufai kuwa aka bar su ga sa'ar ko mai gadin daji zai ci karo da su.

Al'amarin ya sauya a 1966 da Dokar Adana Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda sashenta na 106 ya wajabta wa kowace hukumar tarayya ta duba illar da aikinta zai yi wa wuraren tarihi kafin ta fara shi, sannan umarnin Shugaba Nixon na 1971 ya ƙara da cewa a ƙididdige irin waɗannan wurare. Hukumar Gandun Daji, wadda ke riƙe da eka kusan miliyan 193, ba za ta iya sayar da katako ko yanka hanya ba sai wani ya riga motar tura ƙasa isa wurin, kuma ƙwararru 'yan ƙalilan ba za su iya wannan tattaki ba, saboda haka aka shiga ɗaukar ɗalibai da sababbin masu digiri waɗanda suka yi horon fili, wato makonnin koyon haƙa da awo a hannun malami.

Yadda ake aikin ya cancanci a tsaya a kansa. Ma'aikata kan jera sahu, tsakanin kowane da ɗan'uwansa mita 15 zuwa 30, su yi ta tafiya a miƙe idanunsu a ƙasa, ko da sarƙaƙiya ce a gabansu ko gangara. A dazuzzukan gabas, inda ganye ya rufe ƙasa, sai a haƙa ƙaramin rami da shebur, a zuba ƙasar a rariya mai ido rubu'in inci a girgiza, a duba ko akwai tsingaro ko ɓarɓashin dutsen da aka fasa wajen sassaƙa kan kibiya. Abin da ya kai shekara 50 yana iya shiga lissafi, don haka tarin gwangwanayen da masu yankan katako suka zubar, da sunayen da makiyaya 'yan ƙabilar Basque suka zana a jikin itatuwa a Nebada, duk ana auna su a sa a taswira.

Abin takaici shi ne waɗanda idonsu ke yanke hukuncin ko kufai zai tsira ko za a niƙe shi su ne mafi ƙarancin albashi da tabbas, domin yawancinsu ma'aikatan wucin gadi ne da ba a yarda su wuce awa 1,039 a shekara ba, suna bin aiki daga wannan jiha zuwa waccan. Nauyin da ke kansu kuwa ƙaruwa ya yi: wata doka ta 1979 ta tsananta hukuncin satar kayan tarihin da suka kai shekara 100, wata ta 1990 kuma ta ba ƙabilun asali iko a kan kaburburan kakanninsu, ta yadda idan ma'aikaci ya tarar da ƙashin ɗan Adam dole a dakatar da aiki a wurin, a sanar da ƙabilar da abin ya shafa kafin a sake taɓa ƙasar.