Shekarun Dutsen da Koki Ke Zaune a Kai

Masu haƙar rijiya a cikin birnin Kano sun san jerin ƙasa kamar yadda suka san tafin hannunsu. A unguwa irin Koki, wadda aka daɗe ana gini a kan gini, da farko shara ce da toka da fasassun tukwane, sai jar ƙasa, sai marmara, sai ruɓaɓɓen dutse mai riƙe ruwa, daga nan sai dutse tsantsa wanda injin burtsatse kaɗai ke iya huda shi. Ba wanda ya koya musu cewa na ƙasa ya girmi na sama. Wannan ƙa'ida ce Nikolas Siteno ya rubuta a 1669, kuma har gobe da ita masana ilimin duwatsu ke fara aiki.

Sai dai jeri yana faɗin wa ya riga wa ne kawai. Littafin Tarihin Kano ya jero sarakuna tun daga Bagauda, amma shekarar 999 da ake ba Bagauda ta samu ne ta hanyar tara tsawon mulkin kowane sarki a ƙirga baya. Duwatsu ma sun daɗe da jeri kafin su samu ƙidaya. A 1911 J. D. Falkona ya raba duwatsun giranit na Arewa gida biyu, tsofaffi da sababbi, domin an ga sababbin sun keta jikin tsofaffin, kuma abin da ya keta dole ya tarar da wanda ya keta. Ya yi daidai, alhali ba shi da hanyar sanin shekarun ko ɗaya.

Hanyar ta zo ne bayan Bekarel ya gano a 1896 cewa yuraniyam na fitar da wani irin haske da kansa. Ƙwayoyin zarrarsa suna rikiɗewa su koma dalma a kan ƙa'idar da zafi ko nauyin ƙasa ba sa canzawa. Rabin yuraniyam-238 yana rikiɗewa cikin shekara biliyan 4.47, rabin yuraniyam-235 kuwa cikin miliyan 704. A cikin giranit akwai wani ɗan ma'adini mai suna zarkon, da ƙyar ya kai ƙwayar yashi, wanda lokacin da yake daskarewa yakan karɓi yuraniyam ya ƙi dalma. Saboda haka dalmar da aka tarar a cikinsa yau, a ciki aka haife ta. A niƙa dutsen, a tsamo zarkon, a auna. Idan dutsen ya shekara miliyan 600, kusan kashi 45 cikin 100 na yuraniyam-235 ya koma dalma, na 238 kuwa kusan kashi 9. Nan ne ƙarfin hanyar yake, a ganina: shaidu biyu ne a ƙwaya ɗaya, in bakinsu bai zo ɗaya ba an san dalma ta zurare, sai a sake bincike.

Da irin wannan awo aka gano cewa tsofaffin giranit na ƙasar Hausa, irin waɗanda ke shimfiɗe a ƙarƙashin Kano, sun daskare ne wajen shekara miliyan 600 da suka wuce, lokacin da manyan ɓangarorin ƙasa suka yi karo suka tayar da tsaunukan da ruwa da iska suka riga suka cinye. A Kaduna an samu zarkon da ya kai biliyan 3.5, ita kuwa duniya Kilya Fatasan ya auna mata biliyan 4.55 a 1956. Sababbin na Falkona sun zo da abin mamaki, ashe ba sa'o'in juna ba ne. Na Azbin sun haura miliyan 400, na Damagaram wajen 300, na Riruwai a kudancin Kano wajen 170, na Afu kusa da Binuwai wajen 140. Shekarun na raguwa ne yayin da ake gangarawa kudu.

Abin lura a nan shi ne ƙasar Koki ba ta ajiye komai ba daga wannan dogon zango. Daga dutsen miliyan 600 sai ruɓaɓɓen kansa da marmara. Jadawalin zamunan ƙasa ba a wuri ɗaya aka karanto shi ba, harhaɗo shi aka yi. Dutsen Kano yana cikin Firikambiriya, wato duk abin da ya gabaci miliyan 539. Riruwai tana cikin Jurasik, miliyan 201 zuwa wajen 145. Mai neman ƙarshen Kiretashiyas, zamanin da ya biyo bayan Jurasik, sai ya tafi Sakkwato, inda teku ta taɓa kwanciya ta bar ƙasusuwan wani ƙaton dabban ruwa da aka raɗa wa suna Goronyosaurus, daga sunan Goronyo. A saman shimfiɗar waɗannan ƙasusuwa akwai farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita, wadda ta kwanta bayan iyakar miliyan 66, lokacin da dainoso suka ƙare. Ma'aunin wannan iyaka na duniya yana Alkaf ta Tunisiya. Burbushin halittu ne ke nuna cewa shimfiɗar can da ta nan sa'o'i ne, tokar aman wuta da ke tsakanin shimfiɗu kuma ita ake aunawa a samu lamba.

Mutane da yawa sun ɗauka da kabon ake auna komai, kuma ya kamata malaman makaranta su gyara wannan. Rabin kabon-14 yana ƙarewa cikin shekara 5,730, ba ya aiki sai a kan abin da ya taɓa rayuwa, kuma ba ya wuce wajen shekara 50,000. Gawayin maƙera a Dala, wanda ya nuna ana narka tama a wurin tun ƙarni na 7, aikinsa ne. Dutsen da ke ƙarƙashin matoyar ya fi ƙarfinsa.

Mafi wuyar sha'ani ita ce marmarar da ta lulluɓe kan Dala da Gwauron Dutse. Ba daskarewa ta yi ba, ruwan sama ne ya yi ta wanke dutse yana kwashe mai narkewa yana barin ƙarfe. Zarkon da aka tsinta a cikinta shekarun uwar dutsen zai faɗa, ba nata ba. Dole a nemi ma'adinin da ya tsiro lokacin ruɓewar. A Tambawo ta Burkina Faso an yi haka da ma'adinin manganis mai ɗauke da potasiyam, wanda ke rikiɗewa ya koma iskar agon, aka ga ruɓewar ta zo marra-marra tun wajen shekara miliyan 59 da suka wuce.