Ko a duniyar intanet, akwai kunya

A 2003 kamfanin Linden Lab na Amurka ya buɗe Second Life, wata duniyar intanet inda kowa ke ƙera surar da za ta wakilce shi, wato avata. A 2007 masana a jami'ar Stanford suka gano cewa ko can ɗin, avatocin maza sun fi na mata barin tazara tsakaninsu, kamar dai a zahiri. Amma fa ba kowa ke da kunya ba. Da mata suka yi ta kukan ana taɓa avatocinsu a Horizon Worlds, a 2022 kamfanin Meta ya gitta shingen mita ɗaya da ɗoriya tsakanin avatoci. To, ƴaƴanmu masu wasa a waya, wa ke koya musu ladabin can?