Rigimar Sabon Bugu: Shekara Hamsin Ana Gardama Kan Wasa Ɗaya

Yau za mu leƙa Amurka, mu bi tarihin wata rigima da aka shafe shekara hamsin ana yi tsakanin masu wallafa wani littafi da masoyansa. Na zaɓo ta ne domin tambayar da ke cikinta tana jiran duk wanda ya saki rubutu ya shiga hannun jama'a: idan mutane suka karɓi aikinka suka rayu da shi shekara da shekaru, kai kaɗai ke da ikon gyara shi, ko kuwa su ma sun samu kaso?

Sunan littafin Dungeons & Dragons, ana taƙaita shi da D&D. Littafin ƙa'idojin wasa ne, amma wasan kansa ba da labari ne. Mutum huɗu ko biyar za su kewaye tebur. Ɗaya shi ne jagora, shi ke shimfiɗa labari kamar mai tatsuniya: ga ku a bakin kogo, ga duhu, ga wani gurnani na fitowa daga ciki. Sauran kowa na da tauraron da ya ƙirƙira, wani mayaƙi, wani matsafi, wani ɓarawo, kuma kowa shi zai faɗi abin da tauraronsa zai yi. In wani ya ce zai tsallake rami ko zai sari dodo, sai ya jefa dayis, ɗan abin nan mai lambobi da ake jefawa a wasan lido, sai dai nasu har da mai fuska 20. Lambar da ta fito, haɗe da abin da littafi ya tanada, ita ke yanke ko ya yi nasara. Babu wanda ya san ƙarshen labarin, har shi jagoran. Akwai abokan da ke ɗaukar shekaru suna jan labari ɗaya, mako bayan mako.

A riƙe wannan da kyau, domin shi ne tushen rigimar. Wanda ya sayi littafin nan gini yake yi a kansa. Tauraron da ya raina shekara biyar yana tsaye ne kan ƙa'idojin littafin. Ranar da aka canza ƙa'idojin, an taɓa masa harsashin gini.

A shekarar 1974 aka fara buga wasan. Mutum biyu ne suka ƙirƙiro shi, Gary Gygax da Dave Arneson, ƙarƙashin wani ƙaramin kamfani mai suna TSR a garin Lake Geneva. Ƙananan littattafai uku ne a cikin kwali, kwafi 1,000 aka fara bugawa. Ƙa'idojin cike suke da giɓi, don haka kowane tebur ya riƙa cike nasa yadda ya ga dama. Tun daga farko ke nan, masu wasan suka saba da cewa suna da hannu a ciki.

Tsakanin 1977 da 1979 Gygax ya fitar da manyan littattafai uku masu tsauraran ƙa'idoji, ya kira su Advanced Dungeons & Dragons, ya ce wannan wani wasa ne daban. Kamfanin kuma ya ci gaba da sayar da wani sassauƙan tsari ga sababbin shiga. Rigimar farko a cikin gida ta tashi. Arneson ya kai ƙara kotu a 1979 kan haƙƙinsa na kuɗi da na suna, aka sasanta a 1981. Tun kafin masoya su fara nasu faɗan, iyayen wasan sun riga sun yi nasu kan tambayar nan: yaushe gyararren aiki ke zama sabon aiki, kuma na wane ne?

A cikin shekarun 1980 wasan ya gamu da guguwa daga waje. Wasu iyaye da malaman coci suka zarge shi da koya wa yara tsafi. Wata uwa mai suna Patricia Pulling, wadda ɗanta ya kashe kansa, ta ɗora laifin a kan wasan, ta kafa ƙungiyar yaƙi da shi. Maganar ta kai har gidajen talabijin. Gygax kuma ya rasa ikon kamfanin a 1985. Da aka fitar da bugu na biyu a 1989, ƙarƙashin David Cook, sai aka tarar an cire shaiɗanu daga jerin dodanni, daga baya aka dawo da su da wasu ƙirƙirarrun sunaye. An kuma cire tauraron da sana'arsa kisan haya ce. Tsofaffin masoya suka ce kamfani ya ji tsoron mutanen da ba su taɓa buga wasan ba, ya yi wa littafinsu aski. Wasu suka ƙi sayen sabon, suka ci gaba da tsohon har bangonsa ya yage.

Bashi ya durƙusar da TSR, kamfanin Wizards of the Coast ya saye shi a 1997, shi ma babban kamfanin kayan wasa na Hasbro ya saye shi a 1999. Sababbin masu gida suka fitar da bugu na uku a shekarar 2000, aikin Jonathan Tweet da Monte Cook da Skip Williams. Sun rushe tsarin lissafin suka sake shi. Misali ɗaya: a da, ƙanƙantar lambar sulkenka ita ce ƙarfinsa, wato mai 2 ya fi mai 8 kariya. Bugu na uku ya juya abin, babbar lamba ta zama ita ce mai kyau. Ga sabon shiga wannan sauƙi ne. Wanda ya yi shekara ashirin da tsohon lissafi a kansa kuwa sai ya ji kamar an ce masa hannun damansa ya koma hagu.

A wannan shekarar kamfanin ya yi wani abu da zai dawo masa daga baya. Ya fitar da buɗaɗɗen lasisi da ake kira OGL, bisa jagorancin Ryan Dancey. Lasisin ya ba kowa damar ɗaukar ainihin ƙa'idojin wasan ya rubuta nasa littafin a kai, ya sayar, ba tare da biyan ko sisi ba. Ƙananan mawallafa suka yi ta tsirowa. Sannan a 2003, shekara uku kacal da fitowar bugu na uku, aka saki gyararrensa mai lamba 3.5. Ƙorafin wannan karon na aljihu ne: jiya-jiya muka sayi littattafai uku, yau a ce mu sake saye?

Babbar ɓarakar ta zo da bugu na huɗu, wanda ya fito a watan Yunin 2008, 'yan watanni bayan mutuwar Gygax. An sake fasalin wasan daga tushe. Kowane tauraro aka ba shi jerin dabaru a tsare: wasu yana iya yin su a kowane lokaci, wasu sau ɗaya a kowace arangama, wasu sau ɗaya a rana. Masu suka suka ce an mai da wasan tebur ya koma kwaikwayon wasan kwamfuta irin World of Warcraft. Wasu suka buɗe littafin farko suka nemi irin tauraron da suka saba da shi, kamar mawaƙi mai sihiri, suka tarar babu shi sai a littafi na biyu da ya fito a 2009.

Sai dai masu kare shi ma suna da hujja mai ƙarfi. A tsofaffin bugu, in labari ya yi nisa matsafi kan fi kowa ƙarfi, mayaƙi ya koma ɗan rakiya, ba abin da yake yi sai sara. Bugu na huɗu ya daidaita su, ya kuma rage wa jagora wahalar shiri. Mutanen da suka fara wasan a wannan bugu sun so shi da gaske, kuma sun ji zafin yadda aka riƙa ce musu abin da suke bugawa ba D&D ba ne.

Abin da ya fi shafarmu a matsayin marubuta shi ne abin da aka yi wa duniyar labarin. Akwai wata ƙagaggiyar duniya mai suna Forgotten Realms, wadda Ed Greenwood ya ƙirƙira, aka fara buga ta a matsayin dandalin wasan a 1987, aka kuma rubuta littattafan hikaya masu yawa a cikinta. Domin ta dace da sababbin ƙa'idoji, sai aka aukar mata da wata annobar sihiri, aka tsallake da tarihinta kimanin shekara ɗari. Ƙasashe suka sauya, taurarin da suke 'yan Adam kuwa tsufa kaɗai ya isa ya kashe su. R. A. Salvatore, wanda tun 1988 yake rubuta labarin jarumi Drizzt da abokansa, ya wayi gari jaruminsa mai tsawon rai ya rage ba abokan. Sai a 2013 ya dawo da su ta hanyar sake haihuwarsu a wani littafi. Makarancin da ya bi waɗannan mutane shekara ashirin, ba a tambaye shi ba aka binne masa su.

A baya, wanda bai son sabon bugu sai dai ya rungumi tsohon littafinsa ya yi ta gunaguni. Wannan karon akwai mafita, kuma kamfanin da kansa ya buɗe ƙofarta tun shekarar 2000. Wani kamfani mai suna Paizo, wanda yake buga mujallun wasan guda biyu har zuwa 2007 da aka karɓe lasisin, ya dubi sabon lasisin bugu na huɗu ya ga ya yi tsauri. Sai ya koma ga tsohon OGL, ya ɗauki ƙa'idojin 3.5 ya gyara, ya saki daftarin kyauta jama'a su gwada su faɗi ra'ayi, ya fitar da shi a watan Agustan 2009 da sunan Pathfinder. Daga 2011, ƙididdigar da mujallar kasuwanci ta ICv2 ke fitarwa ta riƙa nuna Pathfinder a gaban D&D a shagunan wasanni. Ɗan riƙo ya fi ɗan gida kasuwa. A gefe guda kuma, masu kewar tsarin farko sun yi amfani da lasisin suka sake rubuta tsofaffin ƙa'idoji da sababbin sunaye, irin su OSRIC a 2006 da Labyrinth Lord a 2007.

Wizards ya ɗauki darasi. A 2012 ya sanar da cewa zai yi sabon bugu, amma wannan karon a bainar jama'a. Ya riƙa sakin daftari kashi-kashi, mutane na gwadawa suna cike takardun jin ra'ayi. Bugu na biyar ya fito a 2014, ya tsinto abubuwa daga kowane zamani, kuma ya samu karɓuwar da wasan bai taɓa samu ba.

Duk da haka darasin bai zauna ba. A farkon Janairun 2023 wani daftari ya fallasa, yana nuna kamfanin na shirin soke tsohon OGL ya maye gurbinsa da wani, wanda zai karɓi kashi 25 cikin ɗari na duk abin da mawallafi ya samu sama da dala 750,000 a shekara. Masoya suka yi ta soke rajistarsu a shafin D&D Beyond, ƙananan mawallafa suka fara haɗa kayan hijira, Paizo ya sanar da zai jagoranci wani sabon lasisi. Kafin watan ya ƙare kamfanin ya janye, ya ma sanya ainihin ƙa'idojin bugu na biyar ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ba a iya janyewa. Da lokacin sabunta littattafan ya yi a 2024, sai ya yi ta jaddada cewa gyara ne ga na 2014, tsofaffin littattafanku na nan da amfaninsu.

Kada a ɗauka masoya ne kullum ke da gaskiya. Da an biye wa masu cewa kada a taɓa komai, da wasan ya tsufa tare da su. Waɗanda suka kare bugu na uku daga tsofaffi a 2000, da yawansu su ne suka zama tsofaffin da ke jifan bugu na huɗu a 2008. Paizo ma da ya fitar da bugu na biyu na Pathfinder a 2019, sai da nasa masoyan suka rabu biyu. Sau da yawa abin da mutum ke karewa shi ne teburin da ya fara zama, da abokan da ya zauna da su, da shekarunsa na lokacin. Babu gyaran da zai iya gamsar da wannan.

Amma a duba inda rigimar ta fi zafi: 2008 da 2023. Duka biyun, an yanke hukunci ne a ɗaki a rufe kan abin da mutane suka riga suka yi gini a kai. Inda ta yi sauƙi kuwa, 2014, canjin ba kaɗan ba ne, amma an yi shi da sanin jama'a.

Da yawanmu a nan muna sakin labari shafi-shafi a WhatsApp ko Facebook ko Wattpad, makaranta na bi suna sharhi, suna faɗa kan tauraruwar da suke so. Ranar da ka tashi mayar da shi littafi, za ka ga kurakuran da kake son gyarawa, wataƙila har da ƙarshen labarin. Haƙƙinka ne, alƙalami naka ne. Sai dai ka bambance gyaran da ke fito da labarin fili da wanda ke ƙwace wa makaranci abin da ya riga ya ajiye a zuciya. Ka gyara rubutu da tsari yadda ka ga dama. In kuwa za ka sauya halin tauraro ko makomarsa, ka faɗa musu a gabatarwa, ka ba da dalili, kuma kada ka yi wa tsohon zubin ba'a, domin shi ne ya kawo maka su. Sannan ka karanta duk takardar da za ka sa wa hannu kan haƙƙin aikinka: lasisin da aka bayar a 2000 shi ya ɗaure hannun mai shi a 2009 da 2023.

Ga tambayar mako: a cikinmu wa ya taɓa sauya wani abu babba a labarinsa bayan makaranta sun riga sun karanta, kuma yaya suka karɓa? A ba mu labari a ƙasa. Sai mako mai zuwa.